Kyamara a Hannu, Duhu a Gaba: Hukuncin 'Yan Zangon Accra a Kan Finafinan Farautar Fatalwa

Bayan sallar isha'i, lokacin da hayaƙin masu tsire ya turnuƙe bakin babban titin Nima, akwai wani zama da ake yi a lunguna wanda ba ya buƙatar gayyata. Benci biyu, kurfoti da butar ataya a kai, sai kwamfutar tafi-da-gidanka da aka ɗora a kan kujerar roba. Abin da mutanen Kano ke kira majalisa, 'yan Damagaram su ce fada, shi samarin Zangon Accra ke kira bes. A nan ake musun ƙwallo, a nan ake lissafin wanda ya tafi Jamus da wanda ya dawo daga Amurka, a nan kuma ake kallon fim idan wani ya samo sabo a waya.

Ranar da fim ɗin ya zama na ban tsoro, zaman yakan sauya kama. Yaran da aka kora tun ɗazu su dawo su laɓe a bayan benci. Mai dafa ataya ya manta da kumfarsa. Kuma ba a kallon fim shiru a Zango. Ana kallo ana magana da mutanen da ke ciki, ana ba su shawara, ana yi musu faɗa kamar suna ji. Duk mai son sanin ra'ayin 'yan kallo, ya samu ƙarshen benci ya zauna ya kasa kunne, zai ji fiye da abin da ya zo nema.

Fim ɗin da zan ɗauka misali shi ne Grave Encounters, wanda wasu samari biyu suka shirya a Kanada, ya fito a 2011, an kashe masa kimanin dala 120,000, kuɗin da ba a bakin komai yake ba a ma'aunin manyan kamfanonin fim na Amurka. Labarin wasu ma'aikatan talabijin biyar ne da sana'arsu ita ce bin gidajen da aka ce akwai fatalwa. Suka shiga wani tsohon asibitin masu taɓin hankali da aka daina amfani da shi, suka sa mai gadi ya garƙame su da sarƙa daga waje sai da safe. Tun farko an nuna mana 'yan damfara ne: sun ba mai aikin lambu kuɗi don ya ce ya ga wani abu, bokan da suka zo da shi kuma ɗan wasa ne. Sai wasan ya koma gaske. Agogo ya nuna safiya, gari ya ƙi wayewa. Suka ɓalle ƙofar fita, suka tarar da wani dogon lungu a bayanta maimakon fili.

Waɗanda suka shirya fim ɗin so suke gabanka ya riƙa faɗuwa tare da na mutanen nan biyar. A Nima da Maamobi kuwa, faɗa ne ke fara fitowa daga bakin 'yan kallo. Wa ya aike ku? Me kuka ajiye a can? Lokacin da jagoran tawagar ya tsaya a tsakiyar duhu yana ɗaga murya wai in akwai wani a nan ya nuna alama, benci kan ɗauki salati gaba ɗaya, wani na neman tsari, wani na tsaki. Daga nan an gama yanke musu hukunci. Duk abin da ya same su daga baya, kallon sakayya ake yi masa, tunda wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Dalilin a tarbiyya yake. Yaron Zango ya tashi ana shigar da shi gida da zarar magariba ta kawo jiki. An koya masa addu'ar shiga makewayi. An hana shi watsa ruwan zafi a ƙasa da dare ba bisimilla, an hana shi fitsari a rami, an ce in zai shiga kango ya yi sallama. Duk wannan a kan abu ɗaya ya ginu: akwai wasu halittu da muke zaune tare da su, suna da nasu wuri muna da namu, zaman lafiya kuwa shi ne kowa ya tsaya a iyakarsa. Ko sunansu ba a cika kamawa kai tsaye ba, sai a ce mutanen ɓoye. To mutumin da ya tashi a haka, ka nuna masa Bature riƙe da tocila da na'urar auna sanyin ɗaki, yana bin ɗakuna yana kiran su fito, mai karambani kawai yake gani, wanda ya je ya tsokano tsuliyar dodo da hannunsa. Tambayar da duk fim ɗin ya rataya a kanta, wato ko akwai su ko babu, ɗan kallon nan ya gama da ita tun yana makarantar allo, inda ya wanke sura guda mai ɗauke da sunansu.

Fim na ƙarewa musu kan ɓarke, kuma kusan kullum a wuri ɗaya yake tsayawa: shin mene ne suka gani? Fim ya ce fatalwar marasa lafiyar da wani likita ya azabtar ce. Masu karatun addini a cikin samarin ba sa karɓar wannan ko kaɗan. Wanda ya mutu ya tafi barzahu, ba ya dawowa yawo a asibiti. In an ga wani abu da siffarsa, aljani ne ya ari kamanninsa. Amma Nima ba gari ne mai baki ɗaya ba. Tun da Malam Amadu Futa ya samu filin daga hannun mutanen Ga a farkon shekarun 1930, unguwar ke karɓar baƙi: Hausawa, Fulani, Zabarmawa, Kotokoli, Dagomba, Wangarawa, Yarabawa, 'yan ƙasar Mosi, kowa da labarin da kakarsa ta ba shi, Hausa ce ta haɗa bakinsu. Ga kuma maƙwabta Akan da nasu saman, ruhin mamacin da ba ya kwanciya idan an zalunce shi. Saboda haka ba a rasa wanda zai kawo labarin mutumin da aka binne a wannan gari, aka gan shi yana sayar da kaya a wancan. Ba wanda ke cin wannan musu. Ataya ta uku ce ke raba shi.

Abin da ba a gani ba

Akwai abin da ya fi wannan musu amfani ga duk mai sha'awar shirya fim. A Grave Encounters akwai wurin da wata yarinya ke tsaye a kusurwa tana fuskantar bango, ta juyo, bakinta ya wage baƙi ƙirin. Da kwamfuta aka yi shi, kuma da wannan hoton aka fi tallata fim ɗin. A bes, nan ne ake zabura na daƙiƙa ɗaya, sannan a fashe da dariya. Tsoro ya tafi kenan, ba ya dawowa. Ɗan kallon ya san daga Suratul A'arafi cewa Shaiɗan da rundunarsa suna ganinmu ta inda mu ba ma ganinsu. Malamai ma kan danganta wa Imamu Shafi'i cewa duk wanda ya yi da'awar ganin aljani a ainihin siffarsa, a yi watsi da shaidarsa. To abin da ido bai kama ba, yaya gilashin kyamara zai kama? Iya yawan abin da fim ya nuna, iya ƙarancin yardar da yake samu.

Shi ya sa Paranormal Activity ya fi shi tasiri a irin wannan zama, duk da cewa kuɗinsa bai kai ko kusa ba. Oren Peli ya ɗauke shi a cikin gidansa a San Diego, cikin mako ɗaya, da kimanin dala 15,000. An fara nuna shi a 2007, ya bazu a gidajen silima a 2009, ya tara sama da dala miliyan 190. Kafin shi an yi The Blair Witch Project a 1999, wanda ya tara kusan dala miliyan 250 ba tare da ya nuna mayyar ko sau ɗaya ba. Me ke cikin fim ɗin Peli? Ɗakin kwana, kyamara a kan ƙafafunta, mutum biyu suna barci, agogo na tafiya a gefen hoto. Ƙofa ta motsa kaɗan ta koma. An barbaɗa hoda a ƙasa, aka wayi gari da sawun da ba na mutum ba. Matar ta tashi cikin dare ta tsaya a bakin gado tana kallon saurayinta awa da awanni ba ta motsi. A wannan wurin bes kan yi tsit, har ka ji ƙarar janareton maƙwabta.

Sannan labarin kansa ba baƙo ba ne. Abin da ke damun matar ba a gidan yake ba, ita yake bi tun tana ƙarama, duk inda ta koma yana nan. Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu ruƙiyya ya ji labarin namijin dare, aljanin da aka ce yana maƙale wa mace yana kore mata masu neman aure. Mata musamman, idan suna kallo a tsakar gida, tun kafin fim ya yi nisa sun sa wa ciwon suna. Ƙorafinsu ɗaya ne, kuma da zafi suke yinsa: dare ashirin ana abu ɗaya, ba wanda ya tashi ya yi alwala, ba Ayatul Kursiyyu, ba Falaƙi da Nasi, ba a kira wani babba a dangi ba. An gargaɗi saurayin kada ya yi magana da abin, shi kuwa ya je ya kawo allon kiran ruhohi ya ajiye a falo. Ga ɗan kallo na Amurka, abin tsoron shi ne abin da ke cikin duhu. Ga uwar da ke Maamobi, inda gida ɗaya ke ɗauke da iyali goma kuma tari ɗaya cikin dare kan sa maƙwabciya ta ƙwanƙwasa ƙofa, kaɗaicin mutanen nan biyu ya fi komai tayar da hankali.

Wanda ya fi matsowa kusa da zuciyar mai kallo Musulmi daga Turkiyya ya fito. Hasan Karacadağ ya fara jerin finafinan Dabbe a 2006, kuma na 2013 shi ne ya yi daidai da maganarmu: wata likitar ƙwaƙwalwa da ba ta yarda da shafar aljanu ba ta ɗauki kyamara ta bi wani malamin ruƙiyya zuwa ƙauye, don su duba wata ƙawarta da abin ya buge a daren lallenta. Daren lalle, malami, karatu, sihirin da aka binne, tsohuwar gaba a cikin dangi. Babu abin da sai an yi wa ɗan Zango bayani. Malesiya ma ta yi nata, Munafik na Syamsul Yusof a 2016, shi ma a kan mai ruƙiyya. A irin waɗannan ba a cika dariya ba. Akan samu wanda zai miƙe ya ce shi ya tafi, akan samu wanda zai ce a rage murya idan an zo wurin karatu. Nan ne kuma ra'ayi ke rabuwa da gaske. Wasu na ganin fim ɗin wa'azi ne, yana sa wanda ya yi sakaci da azkar ya koma. Wasu na ganin bai dace a sa ayoyin Allah a bakin ɗan wasa don a firgita mutane a sayi tikiti ba. Ni ina ganin kowane ɓangare na da abin kamawa, kuma wannan saɓanin alama ce ta cewa fim ɗin ya taɓa inda ake ji. Ba a yin irinsa a kan fatalwar Kanada.

Kyamara ta daɗe da sanin hanyar Zango

Kada wani ya ɗauka Zangon Accra a waya ya fara haɗuwa da wannan harka. Kyamara ta zo neman iskoki a cikin baƙin Accra tun kafin Ghana ta samu 'yanci a 1957. A 1954 Bafaranshe Jean Rouch, da ƙaramar kyamarar hannu da ake murɗawa kafin ta yi aiki, ya bi wasu 'yan ci-rani daga Nijar zuwa bayan gari, inda suke taron bautarsu na shekara. 'Yan Hauka ake ce musu, kalmar kuwa tamu ce. Abin ya samo asali ne a wajejen Filinge a tsakiyar shekarun 1920, ya biyo 'yan ƙwadago zuwa gaɓar teku. Iskokin da ke hawansu na mulkin mallaka ne: Gwamna, Janar, matar likita, direban jirgin ƙasa. Rouch ya ɗauke su kumfa na fita a baki, ido ya juye, an yanka kare an ci. Washegari ya nuna su a bakin aikinsu cikin Accra suna murmushi, wasunsu na haƙa rami a gaban asibitin masu taɓin hankali, asibitin nan da unguwar Asylum Down ta samo suna daga gare shi, ba nisa da Nima.

Fim ɗin, Les Maîtres fous, ya fito a 1955, kuma ra'ayin 'yan kallonsa ya shiga tarihi. Da aka nuna shi a Paris, malamin Rouch ɗin kansa, Marcel Griaule, ya nemi a lalata shi. 'Yan Afirka masu ilimi da suka gani suka fusata, suka ce zai ƙarfafa masu kallon baƙar fata a matsayin dabba. Turawan Ingila suka hana nuna shi a ƙasar da aka ɗauke shi, don sun ga da su ake. Bayan shekaru Ousmane Sembène na Senegal ya gaya wa Rouch a fuskarsa cewa irinsu suna kallon 'yan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari. Kowa ya faɗi nasa, an rubuta an adana. Muryar da ta fi ƙaranci a cikin duk wannan muhawara ita ce ta 'yan dakon da leburorin da fuskokinsu suka zagaya duniya. Wannan abu yana ci mini rai, domin har yau bai sauya sosai ba.

Dattawan Nima suna tuna gidan siliman Dunia da finafinan Indiya, irin su Nagin na 1976, macijiyar da ke rikiɗa ta zama mace don ɗaukar fansa. Daga baya bidiyo ya zo, kowane lungu ya samu ɗakin kallo: talabijin, na'urar kaset, benci, labule a ƙofa. Masu zane suka riƙa zana tallan finafinai a kan buhunan fulawa, da jini da macizai da ƙoƙon kai fiye da abin da ke cikin fim ɗin, zanen da yau ake saye da tsada a Turai da Amurka. A 1987 William Akuffo, da kyamarar bidiyo irin ta ɗaukar biki, ya fitar da fim ɗin da ake lissafawa cikin na farkon da suka buɗe wa Ghana wannan kasuwa, shekara biyar kafin Living in Bondage na Najeriya. Labarin wani talakan makaniki ne da wata kyakkyawar attajira ta yi wa tayin dukiya bisa sharaɗi, ashe mayya ce. Mutane suka yi dafifi. Akuffo ya biyo da Diabolo, mutumin da ke zama maciji yana sa mata aman kuɗi, Socrate Safo kuma ya yi Ghost Tears a 1992, fatalwar matar da aka zalunta. Hoto na rawa, murya na shaƙewa, amma ba wanda ya damu. Mutanen Accra sun nuna tun lokacin cewa ƙarancin kuɗi ba ya hana su son fim, muddin tsoron da ke ciki nasu ne.

Sai dai sunan wancan fim na 1987 shi ne Zinabu, wato Zainabu yadda ake furta shi a Ghana. Sunan 'yar Manzon Allah, sunan iyayenmu da ƙannenmu, shi aka ba mayya. Ban ce Akuffo ya yi da mugun nufi ba. Amma hanyar da aka bi daga baya ta sa dole a tuna. Birgit Meyer, wadda ta yi shekaru tana nazarin finafinan bidiyon Ghana, ta nuna yadda suka ginu a kan kallon majami'un Fentikos: akwai rundunar duhu, akwai fasto da ke karya ta a ƙarshe. A cikin wannan tsari, ina mazaunin mutumin Zango? Sau da yawa shi ne wanda ake zuwa wurinsa da dare. A Turancin titin Ghana kalmar malam ta koma nufin mai tsibbu, a ce wane ya je wurin malam ana nufin ya je neman asiri. Da guguwar sakawa ta taso, wato damfarar intanet da aka ce ana haɗa ta da tsafi, Safo ya fitar da Sakawa Boys a 2009, wasu suka biyo baya da samari masu kwana a akwatin gawa da macizai masu aman kuɗi. Ita kanta kalmar sakawa Hausa ce, kuma sunan Nima ya riƙa fitowa a jaridu duk lokacin da aka tayar da zancen.

Wannan shi ne abin da ɗan Zango ke ɗauke da shi idan ya zauna kallon fim ɗin tsoro na gida. Ya ga rawani, ya ga carbi, ya ga buzu da allo, ya ji ana gwaranci da sunan Larabci, ya san kayan gidansu ne aka ara aka yi wa dodo ado. Malamin da ya koya masa alifun, wanda ke zaune da yara hamsin a zaure ba albashi, da ɗan damfarar da ke ninka kuɗi, an zuba su a kwando ɗaya. A ƙasar da Babban Limaminta, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya zama abin misali wajen zaman lafiya, har ya shiga cocin Katolika a Accra a 2019 don gaisuwar Ista, wannan hoto zalunci ne.

Inda wasa ya ƙare

Gaskiya kuma ba ta da ɓangare ɗaya. Masu ninka kuɗin suna nan, wasunsu da sunayen Musulmi, kuma an daɗe ana ba su fili a tashoshin talabijin suna baje damin kuɗi a gaban kyamara. A watan Afrilun 2021, a Kasoa, garin da sunansa ma daga kalmar kasuwa ya fito, wasu matasa biyu suka kashe yaro ɗan shekara 10. 'Yan sanda suka ce tsafin kuɗi suka nufa, bayan sun tuntuɓi wata mai tsibbu da suka gani a talabijin. Cikin watan hukumar sadarwa ta ƙasa ta rufe tashoshi 49 da ke aiki ba lasisi. Kafin nan, a Yulin 2020, a Kafaba kusa da Salaga, garin da kakanninmu fatake suka yi cinikin goro, an doke wata tsohuwa 'yar shekara 90 har lahira bisa zargin maita, mutane na tsaye, wayoyi na ɗauka. Majalisar dokoki ta amince da dokar hana zargin maita a Yulin 2023, shugaban ƙasa na lokacin bai sa mata hannu ba.

Duk wanda ya san waɗannan ba zai ce fim ɗin mayu da fatalwa nishaɗi ne kawai ba. A ƙasar da zargi ke kashe tsohuwa, fim ɗin da ya ƙare da tabbatar da cewa tsohuwar nan ta ƙarshen lungu ita ce ke cin yara ya ƙara wa wuta itace. Kuma Ghana ta riga ta ga yadda binciken gaske yake. A wani bincike da aka nuna a 2013, ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya shiga ƙauyukan arewa maso gabashin ƙasar, inda ake kashe jariran da aka ce 'ya'yan iskoki ne. Ya sa aka ƙera jaririn roba, ya ɗana ɓoyayyar kyamara, aka kira masu haɗa dafin, suka zo da shirinsu, 'yan sanda suka kama su. Kyamarar Anas ba ta kama iska ko ɗaya ba. Mutane ta kama, da abin da suke aikatawa da sunan iska. A ganina babu fim ɗin farautar fatalwa da ya kai wannan ban tsoro, babu kuma wanda ya kai shi amfani.

Abin da ke damuna a yau shi ne mu da kanmu mun fara zama Rouch ɗin junanmu. Buɗe TikTok ko Facebook ka ga bidiyon ruƙiyya: yarinya na birgima a tabarma, ɗankwali ya faɗi, ana yi wa muryar da ke fita daga bakinta tambayoyi, waya na kan fuskarta. Dubbai su kalla, su tura. Gobe za ta warke, ta koma makaranta, ta nemi miji, bidiyon na nan. Ko aljani ne, ko farfaɗiya, ko ciwon damuwa da likita zai iya dubawa, ba a tambaye ta ba kafin a mai da ita abin kallo. Mutanen da suka iya yi wa Baturen fim faɗa don ya shiga kango ba sallama, bai kamata su shiga mutuncin 'yar mutane ba sallama ba.

Duk da haka ban ce a bar fim ɗin tsoro ba, kuma ko na ce ba za a bari ba. 'Yan kallon Zango sun riga sun faɗi abin da suke so, dare bayan dare, a kan benci: kada a nuna musu dodon roba, kada a raina musu hankali, kada a yi wasa da Alƙur'ani, kuma mutanen da ke cikin labarin su yi abin da mai hankali zai yi, su yi addu'a, su kira manya, su je asibiti. Ba ko ɗaya a cikin waɗannan da ke cin kuɗi. Wayar da ke aljihun yaron da ke dafa ataya ta fi kyamarar Akuffo ta 1987 kyan hoto nesa ba kusa ba. Wurin ɗauka kuwa Allah ya hore: lungun da kafaɗa biyu ba sa wucewa tare, babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi, gidan haya mai ɗaki ashirin a daren da aka ɗauke wuta, shirun da ke sauka kafin kiran assalatu daga hasumiyoyin Masallacin Ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Saboda haka kirana ga samari da 'yan matan Nima, Maamobi, Sabon Zango, Fadama da Madina masu sha'awar wannan sana'a: ku rubuta naku, da Hausarku ta Zango yadda kuke yin ta, ba sai kun ari ta Kano ba. Ku zauna da malaman unguwa kafin ku sa aya a bakin ɗan wasa, ku zauna da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa kafin ku nuna mai taɓin hankali. Ku sa malamin kirki a cikin labarin da sunansa na malami, ku sa ɗan damfara da sunansa na ɗan damfara. Kada ku ɗora wa tsohuwa maita, kada ku ɗauki fuskar mara lafiya ba da yardarsa ba. In kun gama, ku fara kawo shi bes a nuna, kafin ku kai shi ko'ina.